Awon nauyi da shawarar abinci ga mai ciki mai ciwon sukari: yadda na ga aikin wata kilinik a Yamai

Cikina na da sati 26 aka ba ni ruwan sukarin nan na sha. Duk macen da aka taɓa yi wa gwajin ta san shi: ki kwana ba ki sa komai a baki ba, ki zo da sassafe a ɗebi jini, a miƙo miki kofi da giram 75 na sukari a narke, ki shanye, sannan ki zauna a benci ana ɗibar jininki bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Sajfam, wato ungozomar asibiti, ita ce ta matsa sai na yi, don ɗana na biyu ya zo da kilo 4.2, kuma mahaifiyata a Tawa ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Da takarda ta fito, na kafin cin abinci ya nuna 96, na awa ɗaya 174, na awa biyu 161. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 2013 ita ce 92 da 180 da 153, kuma ko ɗaya ya kai iyakarsa an shiga layin masu ciwon sukarin ciki. Nawa biyu ne suka wuce. A takardunmu na nan za ki ga an rubuta 0,92 ko 1,53 maimakon 92 da 153. Abu ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta, amma ni sai da na kwana biyu ina ruɗewa kafin wani ya faɗa mini.

Likitan ya tura ni wurin matar da ke kula da abincin masu ciki a kilinik ɗin, wadda kowa ke ce wa Madam. Kilinik ce ta kuɗi a ɓangaren Yantala. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai abin da zan yaba, akwai kuma wanda ya ɓata mini rai, kuma ba su san zan rubuta ba. Na yi zama shida da ita, daga sati 28 har gab da haihuwa, kowane zama jika biyar.

Abin da ya fara ɓata mini rai tun kafin in ga fuskarta ya faru. Kwana biyu kawai take zuwa a sati, layi ya cika, sai aka sa mini rana bayan sati biyu. Aka sallame ni da takarda a hannu da kalmar "sukari" a kunne, ba wanda ya ce mini ga abin da zan ci daren nan. Ni kuwa na ga yadda ciwon nan ya taɓa idon mahaifiyata. Na koma gida na daina tuwo, na daina shinkafa, na daina burodi, na daina fura. Da safe shayi babu sukari, da rana kwaɗon zogale, da dare ɗan kifi ko ƙwai ɗaya. A aji ina rubutu a allo sai in ji jiri, in dafa tebur har ya wuce. A zuciyata ina ganin ɗana nake karewa. Sati biyu ba ƙaramin lokaci ba ne ga mai ciki wata shida, kuma har yau ina ganin bai kamata a bar mace ta fita ƙofar nan da irin wannan sakamako ba tare da an zaunar da ita ko minti goma ba.

Ranar da na shiga ɗakinta, ba ta fara da maganar sukari ba. Ta ce in cire takalmi, in ajiye jaka, in cire babban hijabin da ke sama. Na hau sikeli. Ta tsayar da ni jikin bango ta auna tsawona, mita 1.62. Sannan ta karɓi karne, wato littafin awon cikina, ta koma shafin farko, awon da aka yi mini a sati 10, ta tambaye ni nauyina kafin in samu ciki. Kilo 74. Ta ɗauki wayarta ta yi lissafi a gabana: nauyi a raba da tsawo, a sake rabawa da tsawo. Ya ba da 28.

Ta ce wannan lambar ce ke nuna kilo nawa ya dace in ƙara a dukan cikin, kuma ba kowace mace ke da kaso ɗaya ba. Ƙa'idar da take bi ta cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ce, wadda aka fitar a 2009. Wadda lambarta ba ta kai 18.5 ba, wato siririya sosai, ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25, kilo 11.5 zuwa 16. Irina da ke tsakanin 25 da 30, kilo 7 zuwa 11.5. Wadda ta kai 30 ko ta wuce, kilo 5 zuwa 9. Ta ce in lura, ko ta ƙarshen nan ƙari aka ce ta yi, ba a ce ta rage ba.

Sai ta sa yatsa a kan karne. Sati 26, kilo 80.5. Yau, 79.

"Malama, me kika ci jiya tun daga safe har kika kwanta?"

Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, amma fuskarta ta canza. Ta ba ni ɗan kofi ta ce in kawo fitsari, ta tsoma wata 'yar takarda a ciki, kan takardar ya rikiɗe. Ta ce ai ga shi. In jiki ya rasa abinci sai ya koma ƙona kitsensa, ƙonawar nan kuma tana sakin wani abu a jini da ake ce wa asetan, wanda ba a so ya taru a jikin mai ciki. Ta ce: "Malama, ciwon nan ba a maganinsa da yunwa. Yaron da ke cikinki ba ya azumi."

Wannan zaman na farko shi kaɗai ya biya kuɗin sauran biyar ɗin. Ta ɗauki biro ta zana mini inda kilon ke tafiya, abin da ciki biyu na yi ba wanda ya taɓa nuna mini. Jariri kansa kilo uku da ɗoriya. Mabiyiya fiye da rabin kilo. Ruwan da yake kwance a ciki kusan kilo ɗaya, mahaifa da ta buɗe ita ma kusan haka. Jinin uwa yana ƙaruwa, nono yana cika, sannan akwai ɗan kitsen da jiki ke ajiyewa don shayarwa. Da ta haɗa sai na ga yawancin abin da sikeli ke nunawa kayan yaro ne da gidansa. Ta kuma faɗa mini daga ina ciwon ya fito: mabiyiya ce ke sakin sinadaran da ke hana insulin, wato sinadarin jiki mai sauke sukarin jini, yin aikinsa sosai, suna ƙaruwa yadda ciki ke girma, shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 da 28, shi ya sa kuma ga yawancin mata sukarin ke sauka da zarar mabiyiya ta fita. Na fito daga ɗakin na daina ganin laifin kaina.

Burin da ta sa mini shi ne kusan giram 300 a sati, daga nan har haihuwa. Ta ce in sayi na'urar auna sukari a farmasi, in riƙa hudar yatsa sau huɗu a rana: da na tashi da safe kada ya kai 95, sannan awa biyu bayan kowane abinci kada ya wuce 120. Ta ba ni littafi mai layuka, gefe ɗaya abin da na ci, gefe ɗaya lambar da ta fito, a ƙasan kowane sati kuma wurin rubuta nauyi. Duk zuwan da zan yi, littafin nan da sikeli take haɗawa ta karanta tare. In sukari ya yi kyau amma nauyi ya tsaya, ta san ina ƙwarar kaina. In nauyi na gudu sukari na hawa, ta san cokali ya yi yawa.

Takardar abincin da kilinik ke rabawa, gaskiya ba ta da amfani gare mu. Da Faransanci aka buga ta, cike da cuku irin na Turawa da wani burodi na musamman da ganyayen da sai ka shiga manyan kantunan unguwar Filato za ka gan su. Na nuna wa Madam, ta ninke ta ta sa a ƙarƙashin littafina, ta ce in faɗa mata abin da ake dafawa a gidanmu. A nan na san ta iya aikinta, don a kan tukunyarmu ta gina komai. Abinci sau uku, da 'yan abin taɓawa biyu ko uku a tsakani, kada in yi doguwar yunwa. Tuwon hatsi ko na dawa malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannuna, miya kuwa in cika, ta kuka ko kuɓewa ko yakuwa, da nama ko kifi. Shinkafa da wake, wake ya fi shinkafa yawa. Dambu, zogale ya rinjayi tsaki. Kwaɗon da nake ci da ƙuli-ƙuli da albasa ta ce in ci gaba, sai dai ya zama abokin tuwo, ya daina zama shi ne abincin. Abin taɓawa: gyaɗa cikin tafin hannu, ƙwai dafaffe, awara, nono marar sukari. Lemun kwalba da bisap mai zaƙi da shayin da ake zuba wa sukari kamar ba gobe, waɗannan ta ce in bar su gaba ɗaya.

Safiya ce ta fi ba ni wahala. Kunu da burodi na saba, kuma duk ranar da na sha kunu, ko babu sukari, lambar sai ta haura 140. Ta ce haka yake ga mata da yawa, da safe ne jiki ya fi ƙin jin maganar insulin. Muka koma ƙwai biyu da albasa da tumatir da ɗan gutsuren burodi, ko ƙosai da kunu rabin kofi. Lambar ta sauko. Lokacin mangwaro ne, tirela-tirela ake saukewa a kasuwa, ni kuwa ina son shi. Ba ta hana ni ba. Ta ce rabin ƙarami, bayan abinci, a ci shi da ƙwarinsa kada a matse shi a sha, sannan in auna in ga abin da jikina zai ce. Ta kuma sa ni tafiya minti 15 zuwa 20 bayan abincin dare. Ni da 'yata muke zagaya layinmu bayan isha, kuma na ga bambancin a littafi ƙarara, daren da na yi tafiya da daren da na kwanta.

Sai maganar fura, wadda ita ce maganar Inna.

Uwar mijina tare muke zaune. Tun da na samu cikin nan kullum da hantsi sai ta dama mini fura da hannunta, ta zuba sukari, ta kawo mini a ƙwarya. A wurinta mai ciki ba a auna mata abinci, baki biyu take ciyarwa, kuma matar da ta rame da ciki abin kunya ne ga gidan mijinta. Da na fara mayar da ƙwaryar sai ta daina yi mini magana sosai. Na faɗa wa Madam, ina tsammanin za ta ce in yi haƙuri. Sai ta ce in zo da ita zama na gaba.

Inna ta zo, ta zauna tana kallon bango. Madam ta tashi daga kujerarta ta zagayo, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gajiyar hanya. Sannan ta ce: "Inna, ku ne kuka ga haihuwar jikanku na biyu. Yaya aka yi?" Inna ta ce an sha wuya, kai ya fito kafaɗa ta tsaya, sai da Allah ya kiyaye. Madam ta ce to abin da muke gudu ke nan. Ta yi mata bayani a hankali: sukarin da ya yi yawa a jinin uwa yana ratsawa ya isa ga yaro, jikin yaro ya yi ta fitar da insulin don ya karɓe shi, ya mayar da shi kitse a kafaɗu da ciki. Yaro ya wuce kilo huɗu, haihuwa ta yi tsanani ko a kai ga aiki, bayan an yanke cibiya kuma sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa. Ta ce gaskiya ne mai ciki na bukatar ƙari, amma ko a watannin ƙarshe ƙarin bai wuce abin da kofin nono da ƙwai biyu da 'yan ƙosai za su ba ta ba.

Sai ta ce: "Inna, ba na ce ku daina dama mata ba. Ku dama, nono ya fi yawa, kada ku sa sukari, ludayi biyu. Bayan awa biyu ku zauna kusa da ita ta auna, ku gani da idonku."

Haka aka yi. A littafina akwai ranar da na sha irin damun da na saba, lambar ta kai 164. Ranar sabon damun, Inna na zaune a kan tabarma ta sa tabarau, na huda yatsa, na'ura ta ƙirga ta tsaya a 118. Na ce: "Inna, kun gani, bai kai 120 ba." Ta karɓi na'urar ta juya ta, ta mayar mini. Daga ranar ita ce ke tuna mini lokacin awo, ita ce kuma ta hana a sa mini shinkafa fara a kwano ranar wani suna. Da Madam ta ba ni takarda kawai ta ce in kai gida, da ba a kai nan ba.

A sati 33 sikeli ya nuna na ƙara kilo 1.2 cikin sati guda. Na shiga ina shirin rantsuwa cewa ban ci komai ba. Ba ta ma tambayi abinci ba. Ta danna ƙafata da yatsa, ta duba fuskata da zoben hannuna, ta tambaye ni ciwon kai ko ganin walƙiya a ido, ta auna hawan jini, ta tura ni wurin likita a duba fitsari a ranar. Ta ce nauyin da ya hau farat ɗaya tare da kumburi na iya zama alamar hawan jinin ciki, wanda ke kai mace ga jijjiga, kuma masu ciwon sukarin ciki sun fi fuskantarsa. Alhamdu lillahi nawa kumburin zafi ne da tsayuwar aji, watan Mayu ne, Yamai na ci kamar wuta. Amma na ga yadda take karanta sikeli, kuma hankalina ya kwanta da ita.

Sauran ƙorafina kan kilinik ɗin ne. Sikelin ɗakin sajfam da na ɗakin Madam sun bambanta da kusan kilo guda, kuma ga wadda ake ƙirga wa giram 300 a sati wannan ba wasa ba ne. Sai da muka yanke cewa na ɗakinta kaɗai za mu riƙa bi, da safe, da kaya iri ɗaya. Jira yana da tsawo, a ba ki ƙarfe tara ki shiga sha ɗaya, ga mace mai ciwon sukari da aka ce kada ta yi doguwar yunwa. Na koyi zuwa da gyaɗa da ƙwai a jaka. Sannan kuɗi. Jika biyar ɗin zama ba shi ne nauyin ba, bandelet ne, 'yan tsinken da ake ɗiga wa jini. Kwalin 50 ba ya kai sati biyu in ana awo sau huɗu a rana, kuma kilinik ba ta da wani rangwame ko tsari a kansu. Zafi ma yana lalata su, ba a so su wuce digiri 30, don haka a cikin kwalbarsu a rufe nake ajiye su a ɗakin da ya fi sanyi. Da lambobina suka daidaita, Madam da likita suka yarda in rage yawan awon, ina juya lokutan. Wannan ya taimaka, amma na ga matar da ta daina zuwa saboda kuɗin nan, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ni abinci da tafiya suka ishe ni. Wata da muke haɗuwa a benci sai da aka sa ta a allurar insulin, ta shigo tana kuka tana cewa ta kasa. Ta faɗa mini daga baya cewa Madam ta ce mata ba gazawarta ba ce, wani jikin sai da taimako, kuma insulin ba ya ratsa mabiyiya ya isa ga yaro. Ta kuma gargaɗe ta kada ta rage abinci don gudun allura.

Wadda aka ce tana da sukarin ciki kuma tana da halin biya, ina ba ta shawarar ta nemi irin wannan zama, ta nace a gan ta cikin satin da sakamako ya fito, ta tafi da wadda ke riƙe da tukunyar gidan. Wadda ba ta da hali, awon ciki a likitar unguwa ma ana hawa sikeli ana rubutawa a karne. Ki roƙi sajfam ta auna tsawonki, ta duba nauyinki na awon farko, ta faɗa miki kason da ya dace da ke, ki riƙa duba layin da kanki. In abin ya yi tsanani akwai manyan asibitocin haihuwa irin su Matanite Issaka Gazoby da ake tura mata.

Na haihu a sati 39 da kaina, nauyina 82.5, wato na ƙara kilo 8.5 a dukan cikin. Yarinya ce, kilo 3.3. Aka sa mini ita a nono nan da nan, aka huda dugaduginta aka auna sukari, lafiya lau. Kilinik ba ta kira ni don gwajin bayan haihuwa ba, da kaina na tuna, don Madam ta rubuta mini a bangon littafi cewa in sake shan ruwan sukarin tsakanin sati 6 da 12. Na yi a sati na takwas, ya fito daidai. Ta ce duk da haka in riƙa gwaji a kai a kai, don wadda ta yi sukarin ciki ta fi sauran mata yiwuwar kamuwa da ciwon nan gaba, kuma in na sake samun ciki in faɗa tun awon farko.

Ƙanwata a Tawa cikinta wata huɗu yanzu, uwarmu ɗaya, gadonmu ɗaya. Na ɗauki hoton shafin da Madam ta zana mini inda kilo ke tafiya na aika mata ta WhatsApp, da lissafin tsawo da nauyi. Ta auna, lambarta 23. Ta ce ta riga ta gaya wa sajfam ɗinta tana son a ba ta ruwan sukarin da zarar ta shiga sati 24.